Jituwa da Tsohon Zubi a Harsunan Kwamfuta: Misalin Python

1.0 Gabatarwa

Harshen kwamfuta shi ne tsarin kalmomi da ƙa'idojin da ake rubuta wa na'ura umarni da su. Yana da nahawunsa kamar harshen ɗan Adam, kuma shi ma yana sauyawa. Sai dai mutum yakan gane tsohuwar magana ko da an daina yayinta, ita kuwa na'ura ba ta yin uzuri: in ƙa'ida ta sauya, ko dai ta ƙi aikin, ko ta ba da wata amsa daban. Idan sabon zubin harshe ya iya gudanar da manhajar da aka rubuta da tsohon zubi ba tare da gyara ba, sai a ce akwai jituwa tsakaninsu.

2.0 Daga Python 2 zuwa Python 3

Guido van Rossum, mutumin Holan, shi ya fito da harshen Python a 1991. Zubi na 2 ya fito a 2000, na 3 kuma a Disambar 2008. Da gangan aka karya jituwa a zubi na 3 domin gyara wasu nakasu da suka daɗe a harshen. Ga uku daga cikin sauye-sauyen.

Na farko, umarnin nuna rubutu. A da ana rubuta print "sannu", amma zubi na 3 ba ya karɓa sai an sa kalmar cikin baka. Wannan mai sauƙi ne, domin na'ura takan tsaya ta nuna wurin kuskuren.

Na biyu, rabawa. A zubi na 2, 7/2 yakan ba da 3, a zubi na 3 kuwa 3.5. Wannan ya fi haɗari, saboda manhajar za ta ci gaba da aiki shiru alhali lissafinta ya canza.

Na uku, haruffa. Zubi na 2 yakan ƙirga rubutu da bayit, wato ma'aunin ajiyar na'ura. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu yake ci, don haka tsawon kalmar "ƙasa" yakan fito 5. Zubi na 3 haruffa yake ƙirgawa bisa tsarin Unicode, sai ya ba da 4, ya kuma iya mayar da ita "ƘASA". Wannan gyara ya amfani masu aiki da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

3.0 Tsadar Sauyin

Manhajoji da yawa sun dogara ne da kundayen umarni da wasu suka rubuta, kuma ba sa iya ƙaura sai waɗannan kundaye sun riga su. An samar da 2to3 don juya tsohon rubutu, an kuma fitar da zubi na 2.7 a 2010 ya zama gada. Duk da haka, wa'adin daina kula da zubi na 2 da aka sa 2015 sai da aka ɗaga shi zuwa 1 ga Janairun 2020.

4.0 Kammalawa

Riƙe jituwa yana nufin a ci gaba da ɗaukar tsofaffin nakasu, karya ta kuma yana ɗora wa masu amfani aikin gyara. A Python ƙaurar ta ci shekara 11. Shi ya sa a yanzu masu kula da harshen sukan fara da gargaɗi a zubin da ake ciki kafin su cire wata ƙa'ida. Wanda zai ƙaura kuma ya kamata ya gwada manhajarsa a sabon zubi, ya kwatanta amsoshinta da na da, musamman a wuraren lissafi da na rubutu.