Koyar Da Zane A Makarantunmu: Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima

Idan malamin zane ya ajiye ƙwarya bisa tebur, ya ce wa sababbin ɗalibai su zana ta, galibinsu za su yi bakinta da'ira sosai kamar faifai. Alhali kuwa daga inda suke zaune, bakin nan ya ɗan baje, ya yi kamar ƙwai. Watau yaro ya zana abin da ya sani a ransa, ya bar abin da ke gabansa. Gyaran wannan kuskure shi ne aikin farko na malami.

Wannan hanya ta koyarwa tana da tarihi a Nijeriya. Marigayi Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode cikin 1882, ya yi karatun zane a London da Paris, ya komo gida cikin 1922, ya shiga koyarwa a makarantun Ikko, har da King's College. Shi ya matsa wa hukumar ilmi ta ƙaro malamai, sai aka kawo Kenneth Murray daga Ingila cikin 1927. Daga baya Zariya ta zama cibiya, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu cikin 1958, tun kafin kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962.

Ga yadda darasin kan gudana. Ɗalibi yakan miƙe hannu sosai riƙe da fensir, ya runtse ido ɗaya, ya auna tsawon tulu da babban yatsa, sa'an nan ya gwada shi da faɗinsa. In ya lanƙwasa gwiwar hannu, awo ya ɓaci. Bayan haka sai ya yi layi marar nauyi, ya dubi filin da ke tsakanin tulun da ƙwarya, ya lura da wajen da haske ke shigowa, kana ya sa inuwa da fensir mai laushi ko gawayi. In mutum ake zanawa, akan auna jikin baligi da tsawon kansa, wajen sau bakwai da rabi. Gwanayen malamai kan hana yawan gogewa, su kuma nace cewa duban abin ya fi duban takarda yawa.

Abin damuwa shi ne, a makarantu da dama babu ƙwararren malamin zane, sai a bar yara suna kwaikwayon hoton littafi ko na waya. Mai kwaikwayon hoto kuwa, wani ne ya riga ya duba masa.

Iyayen da ke ɗaukar darasin nan wasa ne ya kamata su sake tunani. A jarrabawar ilmin halittu ta WAEC akan ajiye wa ɗalibi ganye ko ƙashi a ce ya zana, ya sa wa sassansa suna. Kafinta da tela da mai tsara gini duk da awon ido suke cin abinci. Kayan aikin kuma ba su da tsada: takarda, fensir, gawayin murhu, da ƙwaryar ɗakin uwa. Abin da ya rage ga ma'aikatun ilmi na jihohi shi ne su samar da malamai, su kuma ba darasin isasshen lokaci.