Cutar da ke ceton ganyen shayi

A lardin Kagoshima da ke kudancin Japan, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin noman shayi na ƙasar, manoma sun daɗe suna fama da wasu ƙananan tsutsotsi iri biyu. Tsutsar kan naɗe ganye da zaren bakinta, ta shige ciki tana ci, ta yadda maganin feshi ba ya isa gare ta sosai. Da aka yi ta feshi shekara da shekaru, sai tsutsar ta saba da gubar, ta daina mutuwa.

A farkon shekarun 1990 aka koma ga wata dabara: kashe tsutsa da cutarta. Akwai dangin ƙwayoyin bairos da masana ke kira bakulobairos, waɗanda ƙwari ne abin harinsu. Ana kiwon tsutsotsi a ɗaki, a sa musu cutar, idan sun mutu a niƙa gawarwakinsu, a tace, a dama da ruwa a fesa a gona. Cikin 'yan shekaru dubban hektoci na lardin suka shiga wannan tsari, kuma a 2003 aka yi wa haɗin rajista da sunan Hamaki-Tenteki.

Yadda cutar ke aiki abin mamaki ne. Ƙwayar tana cikin wani ƙanƙanin ƙoƙo na furotin, wanda ba ya narkewa sai a ruwa mai kaifi irin na kanwa, kuma haka ruwan hanjin tsutsa yake. Da zarar ta ci ganyen da aka fesa, ƙoƙon ya narke, ƙwayar ta kutsa jikinta ta yi ta hayayyafa. Daga ƙarshe tsutsar ta mutu, jikinta ya ruɓe ya tsiyaye a kan ganye, 'yan uwanta su ci su kamu. Ƙudan zuma da halittu masu farautar tsutsa irin su gizo-gizo kuwa ba abin da ke samunsu, balle ɗan Adam.

Sai dai hanyar tana son haƙuri. Guba kan kashe nan take, ita kuwa cutar sai ta ɗauki kwanaki, tsutsar na ci gaba da ɓarna. Hasken rana yana lalata ƙwayar, kuma dole a yi feshin tun tsutsar tana sabuwar ƙyanƙyasa. Duk da haka ƙasar Sin ta rungumi irin wannan dabara a kan tsutsar da ke addabar nata gonakin.

Dalilin da ya sa wannan wahala ta cancanta a fili yake: galibi ganyen shayi ba a wanke shi. Tsinka ake yi, a busar, a jiƙa a sha. Abin da aka fesa a gona yana iya bin ganyen har cikin kofi. Saboda haka duk manomin da ya rage guba, lafiyar miliyoyin mashaya shayi ya kare.