Jirgin da Ke Rataye a Wuppertal: Me Ya Hana Shi Faɗowa?

A birnin Wuppertal na ƙasar Jamus akwai jirgin ƙasa wanda ba ya taka ƙasa. An buɗe shi a 1901 bisa ƙirar injiniya Eugen Langen. Dogonsa ɗaya ne tak, an ɗora shi kan ginshiƙan ƙarfe, taragu kuwa suna rataye a ƙarƙashinsa. Tsawon hanyar kilomita 13.3 ne da tashoshi 20, mafi yawanta kuma kimanin mita 12 bisa kogin Wupper.

Iyayen da suka hau shi da ƙananan yara kan sha tambaya guda: me ya hana shi faɗowa? Amsar tana ga inda nauyi ya taru. Ƙafafun jirgin suna gudu bisa dogo, tarago kuma yana maƙale da su ta wani hannun ƙarfe mai kama da ƙugiya. Da yake nauyin yana ƙasa da dogon, tarago ya zama tamkar guga a bakin igiya: ko ya karkata, nauyinsa zai maido shi tsakiya. Shi ya sa yakan yi lilo a kwana, wani lokaci har a tasha. Don haka ya kamata a riƙe hannun yaro wajen shiga da fita.

Sai dai ƙira ba ta wadatarwa in babu kulawa. A 1999 ma'aikata suka manta da wani ƙarfe a kan dogon bayan gyara, jirgi ya ci karo da shi ya faɗa kogi, mutum 5 suka rasu.