Shin Ko Kun San? Rigar da Ke Jin Bugun Zuciya Amma Tana Tsoron Wanki

Shin ko kun san cewa kwamfuta jikar masaƙa ce? A shekarar 1804, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, Joseph Marie Jacquard ya ƙera masaƙar da ke karanta kati mai huji-huji. Inda allura ta sami huji, zare ya ɗaga. Inda ba ta samu ba, zare ya zauna. Da an jera katunan sai ado ya fito a jikin siliki, ba tare da an sa yaro yana jan igiya ba. Daga nan Charles Babbage na Ingila ya ari dabarar don injin lissafinsa, kuma da kati mai huji aka tattara ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890.

Shin ko kun san cewa ƙwaƙwalwar kwamfutar da ta kai mutum duniyar wata a 1969, saƙa ta aka yi da hannu? Mata ne a masana'antar Raytheon da ke jihar Massachusetts, da yawansu tsofaffin ma'aikatan masaƙu, suka zauna suna zura siririyar wayar jan ƙarfe cikin 'yan zobban maganaɗisu. Waya ta bi ta cikin zobe, 1 ke nan; ta kewaye shi, 0 ke nan. Mai cewa yau zare da lantarki suka ƙulla zumunci, ya makara.

Shin ko kun san cewa don soja aka saƙa riga ta farko da ta yi suna wajen ji? A 1996, Farfesa Sundaresan Jayaraman na jami'ar Georgia Tech a birnin Atlanta ya fara aikinta da kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka. An cusa wani zare na roba mai ɗaukar haske cikin saƙar, haske na shiga ta wannan baki yana fita ta wancan. Harsashi na tsinka zaren, haske ya kasa isa, sai na'ura ta nuna daidai inda aka huda mutum. Rigar kuma tana aika bugun zuciya da numfashi, likita ya san wa zai fara kaiwa gudunmawa tun bai iso filin ba.

Shin ko kun san akwai yadin da ke jin magana? A watan Maris na 2022, ayarin Farfesa Yoel Fink na jami'ar MIT ya bayyana shi a mujallar Nature. Ashe kowace magana da aka yi kusa da ku tana girgiza rigarku, girgizar ce ta yi ƙanƙanta har fata ba ta jin ta. Sai suka yi wani zare wanda da an ɗan lanƙwasa shi yake haifar da lantarki, suka saƙa shi cikin yadin riga. Aka tafa hannu daga nisan mita 3, rigar ta nuna ta inda tafin ya fito. Aka sa ta a ƙirji, ta ɗauko bugun zuciya. In aka juya aikin aka ba zaren lantarki, sai ya koma lasifika. Masu binciken suna fatan wata rana mai juna biyu za ta riƙa jin bugun zuciyar ɗan cikinta da irin wannan yadi. Wannan kam alheri ne. Amma riga mai kunne a zauren sulhun aure, wata magana ce daban.

A Shanghai kuwa, a 2021, ayarin Farfesa Peng Huisheng na jami'ar Fudan ya saƙa yadi mai tsawon mita 6 da faɗin santimita 25 wanda ke aiki kamar fuskar waya. Duk inda zaren tsaye ya gitta zaren kwance, ɗigon haske ne, kusan 500,000 gaba ɗaya. Sun wanke shi sau 100 yana ci gaba da haskawa. Ku riƙe wannan adadi, za mu buƙace shi.

To, ga inda ni dai na fi kasa kunne: zafi.

Shin ko kun san cewa babban kaso na ɗumin jikinku yana fita ne a matsayin wani haske da ido ba ya gani, kuma yawancin tufafi tare shi suke yi? A watan Fabrairun 2019, masana a jami'ar Maryland suka fito da yadin da ke buɗe wa wannan ɗumi ƙofa, ya kuma rufe, da kansa. Kowane silin zarensa haɗin abu biyu ne, ɗaya mai shan ruwa, ɗaya mai gudun ruwa, an shafe su da 'yan bututun kabon da suka fi gashin kai siranta sau dubbai. Mutum na fara zufa sai silin ya murɗe, zaren ya tsuke, ƙofofin saƙa su buɗe, ɗumi ya sami hanya. Jiki na bushewa, zaren ya saki, ƙofofin su rufe. Bambancin ɗumin da ke fita ya haura kashi 35 cikin 100. Babu batir, babu waya, babu caji. A wurina irin wannan ne yadi mai wayo na gaskiya, domin zufar da ta kawo matsalar ita ce ke kunna maganin.

Shin ko kun san cewa ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa an taɓa ɗinka ta a riga? Sunanta Bacillus subtilis. Japanawa na amfani da wani jinsinta wajen yin natto, abincinsu na waken suya mai yauƙi da wari. Ƙwayar tana kumbura in ta ji laima, ta motse in ta bushe. A 2015, Lining Yao da abokan aikinta a MIT suka shafa ta a jikin wasu 'yan marafai da aka yanka a bayan rigar motsa jiki. Mai rigar na yin gumi, marafan su lanƙwashe su buɗe, iska ta shiga. Gumi na tafiya, su kwanta. Masu raina warin daddawa sai su rage murya.

Kada kuma a ɗauka sai da ɗakin bincike zare ke yin wayo. Ulu na iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa bai jiƙe a hannu ba, kuma yana sakin ɗan ɗumi yayin da yake shan ta. Auduga ma ba baya ba: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Cibiyar Shirley a Manchester ta saƙa wani yadin auduga zalla mai suna Ventile, an matse saƙarsa ƙwarai, saboda matuƙan jiragen yaƙi da ke faɗawa teku mai sanyi. A bushe iska na ratsa shi. Ruwa na taɓa shi zaren ya kumbura, ya toshe ƙofofin.

Shin ko kun san akwai tufafin da aka cika da 'yan ƙwayoyin kaki? Dabarar ta taso ne daga binciken da hukumar NASA ta ba da kuɗinsa a shekarun 1980 don safar hannun 'yan sama-jannati, daga baya kamfanin Outlast ya kai ta kasuwa. Jiki ya yi zafi, kakin ya narke a cikin kwansonsa ya shanye zafin. An shiga sanyi, ya daskare ya mayar da shi. Sai dai a yi hattara da 'yan talla. Kakin da ya narke ya gama aikinsa sai ya sake daskarewa. Wanda ke fita daga ofis mai sanyi zuwa mota zai ji daɗinsa. Mai tura baro a Sakkwato cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, cikin ɗan lokaci kakinsa zai narke ya zauna a narke har magariba.

Shin ko kun taɓa lura da gasarar koko idan ta kwanta a ƙasan roba? Ku sa yatsa a hankali, ya nutse. Ku kai mata naushi, ta ƙanƙame kamar dutse. Haka wani abu mai launin lemo da ake kira D3O yake, ƙirar wani kamfanin Ingila: laushi ne da shi a jiki, amma da an buge shi sai ya taurare nan take ya raba ƙarfin bugun, sannan ya sake yin laushi. 'Yan wasan zamiyar ƙanƙara na Amurka da Kanada sun sa shi a gasar Olamfik ta hunturu a Turin a 2006. Yau yana cikin rigunan masu tseren babur, a gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa.

A 1991 samarin Amurka sun yi rububin rigar Hypercolor, ta kamfanin Generra na birnin Seattle, mai canza launi duk inda ɗumi ya taɓa. Ka dafa bayan aboki, shatin hannunka ya fito. Abin da ba a lissafa ba, hammata ta fi ko'ina ɗumi. Wanki da ruwan zafi kuma yana kashe rinin. A 1992 kamfanin ya karye.

Shin ko kun san safa na iya ceton ƙafa? Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu ba ya jin rauni sai ya zama gyambo. Amma kafin fata ta fashe, wurin yakan yi zafi. Likitoci sun gano cewa idan wani wuri a tafin ƙafa ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar zafi da digiri 2.2, kuma abin ya nace, to alama ce ta haɗari. Kamfanin Siren a San Francisco ya saƙa 'yan ma'aunan zafi cikin safa don wannan aiki, suna aika saƙo ga ma'aikacin jinya.

A Afirka ma an taɓa abin. Olivia Koburongo da Brian Turyabagye, waɗanda suka yi karatun injiniya a jami'ar Makerere ta Uganda, sun ƙirƙiro MamaOpe, 'yar rigar da ake sa wa yaro ta auna zafin jikinsa da saurin numfashinsa, ta saurari huhunsa, don a bambance limoniya da zazzaɓin cizon sauro. Kakar Olivia ce ta rasu da limoniya ana ta yi mata maganin maleriya. Wannan ya shafe mu kai tsaye: alƙaluman UNICEF sun nuna yara 162,000 limoniya ta kashe a Najeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa a duniya.

'Yar baƙar falmaran ɗin nan da 'yan ƙwallo ke sawa ƙarƙashin jesi, wadda 'yan gidan kallo ke tsokana da rigar mama, ita kam yadinta aljihu ne kawai. Wayon yana cikin 'yar na'urar da ke maƙale tsakanin kafaɗu, mai ƙirga nisan gudu da sauri. Tun 2015 aka halatta sa ta a wasannin gasa.

Shin ko kun san tartsatsin da bargo ke yi cikin duhu lokacin hunturu, shi wasu ke son tarawa su maye gurbin batir? Farfesa Zhong Lin Wang na Georgia Tech ya nuna yadi a 2016 mai samun lantarki daga gogayyar zare da kuma hasken rana. Wutar ba ta da yawa. Ta agogon hannu ce da makamantansa.

Yanzu ku dawo da adadin nan na 100. A 2017, Google da Levi's suka fito da jaket mai suna Jacquard kan dala 350. An saƙa zare mai ɗaukar lantarki a bakin hannun riga: ka shafa, waƙa ta canza, ka ɗan buga, ka amsa kira. Sai ga sharaɗi a takardar kamfani: jaket ɗin zai jure wanki ne kamar sau 10, kuma sai an cire 'yar na'urar kafin a jiƙa shi. A 2023 Google ya rufe manhajar, tsadadden jaket ya koma jaket kawai. Batir da wanki su ne suka hana yawancin waɗannan tufafi fita daga ɗakin gwaji. Gumi gishiri ne, yana cin azurfar da aka shafa wa zare, kuma wurin da waya mai tauri ta haɗu da yadi mai laushi, nan ne yake fara tsinkewa. Wankin da ake gwadawa ɗin ma yawanci na inji ne, ruwa a aune, sabulu a aune. Ku kwatanta da abin da riga ke gani a hannun mai wanki da guga na unguwa: a jiƙa ta da omo, a cuɗa wuya da hammata da ƙarfin tsiya, a murɗe ta kamar za a raba ta biyu, a tsoma a sitaci, a shanya a ranar azahar, sannan a bi ta da dutsen guga mai garwashi. In shadda ce kuma, masu bugu na jiran ta da itacensu.

Shin ko kun san inda irin waɗannan riguna za su ƙare idan sun mutu? Mai sarrafa tsohon yadi ba ya son waya da batir a ciki, mai sarrafa tsofaffin kayan lantarki ba ya son tsumma, kuma warware azurfa daga auduga sili-sili ya fi ƙarfin ribarsa. Hanya mafi sauƙi ga ƙasashen da suka gaji da kayansu ita ce dilar gwanjo. Kasuwar Kantamanto a birnin Accra kaɗai tana karɓar tufafi kimanin miliyan 15 duk mako, in ji ƙungiyar Or Foundation, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Nan gaba, mai fasa dila a can ko a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano sai ya riƙa laluba ɗinki yana neman batir kafin ya yanke farashi.