Kumbon Karo da Dokin Langa

Barkan manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam da dawowa daga ban ruwa. Barkan mutanen Tamburawa da Tsakuwa da Gano da cikin garin Dawakin Kudu. Shirinmu na yau na samari ne masu buga gem a waya, amma ina roƙon iyaye su bar rediyon a kunne, domin kafin mu rabu maganar za ta iso ƙofar gidansu.

Kwanakin baya na tsaya a wata rumfar cajin waya a Kwanar Dawaki, sai na tarar da ɗan ƙanena a tsakiyar samari, duk sun sunkuyo a kansa. Gem yake bugawa, irin wanda ake tuƙa kumbo a sararin samaniya, abokan gaba na ɓullowa ta ko'ina suna ruwan harsashi. Abin da ya tsayar da ni shi ne yaron ba ya harbi ko kaɗan. Sai ya ja kumbonsa can gefe, ya ɗebo gudu, ya zo ya bangaji na gabansa, ka ga wancan ya tarwatse.

Na ce masa, "Kai, ina bindigar taka?"

Ya ce, "Baffa, ai ni mai karo na gina. Duk abin da na samu, a jikin kumbon nake zubawa."

Tun daga ranar nake juya maganar nan, domin a da ba haka wasannin suke ba. A 1978 kamfanin Taito na ƙasar Japan ya fitar da Space Invaders, a 1979 kuma Atari na Amurka ya fitar da Asteroids, inda ɗan dutse kaɗai ya taɓa jirginka ka mutu. Mu nan ma, waɗanda suka riƙe Nokia 3310 bayan shigowar wayar salula a 2001 ba su manta Space Impact ba. Dokar ɗaya ce: ka yi harbi, ka kauce, kada komai ya taɓa ka. Wasannin yanzu ne suka buɗe wata ƙofa. Duk lokacin da ka haye wani mataki sai a shimfiɗa maka zaɓi, ko ka ƙara wa bindiga wuta, ko ka ƙara wa jiki kauri, ko ka ƙara gudu. A wani wasan kwamfuta mai suna Nova Drift, wanda ya fara fita a 2019, har akwai jirgin da ake kira Hullbreaker, an ƙera shi ne takanas domin karo.

To ga mai son bin wannan hanya, maganar farko ita ce jiki. Kowane karo kai ma sai ka biya. Ɗaliban makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu sun san dokar Newton ta uku: ƙarfin da ka daki abu da shi, da irinsa abin ya dake ka. Saboda haka zaɓin farko da na biyu da na uku, ka zuba su a kaurin jiki da abin da ke rage maka raɗaɗin bugu. Samari da yawa gudu suke fara saye saboda yana da daɗin kallo, sai karon farko ya kwashe rabin jininsu, na biyu ya ƙarasa.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, bayan asarar mayaƙa da aka yi a yaƙin Umbatu. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a lulluɓe doki da ita, mahayin ma ya sa tasa. Ɗan lifidi ba maharbi ba ne. Aikinsa ya kutsa cikin sahun abokan gaba ya fasa shi, kibiya ta same shi ta maƙale a auduga, na bayansa su bi ta ɓarakar da ya yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ya ga 'yan lifidi suna wucewa, dawakinsu na takawa da nauyi. Abin da yaron nan ya gina a wayarsa ke nan, ko da bai san sunansa ba.

Idan jiki ya samu, sai gudu. A nan akwai wani lissafi da nake so kowane mai karo ya haddace. Idan ka ninka nauyin abu sau biyu, ƙarfin bugunsa ya ninku sau biyu. Amma idan ka ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin ya ninku sau huɗu. Masu tsara wasanni ba lallai su bi lissafin nan daidai wa daida ba, amma galibi sukan ɗaura ɓarnar karo a kan saurin da ka zo da shi. Shi ya sa mai karo ba ya manne wa abokin gaba yana goga masa jiki. Ya buga, ya wuce, ya yi nisa, ya juyo. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kuma wannan ba a waya kaɗai ya tsaya ba. Ranar 26 ga Satumba, 2022, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa wani kumbo mai suna DART ya yi karo da gangan da wani dutsen sama da ake kira Dimorphos. Kumbon bai ɗauki bam ba, nauyinsa bai wuce na ƙaramar mota ba, dutsen kuwa faɗinsa ya kai mita 150. Amma da yake ya zo da gudun kilomita 6 a daƙiƙa guda, sai da ya rage wa dutsen fiye da rabin awa a lokacin da yake ɗauka yana kewaya babban ɗan'uwansa.

(Ɗan kiɗan kalangu)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake gina mai karo a wasan harbi na sararin samaniya.

Akwai kuskuren da na ga yaran suna ta maimaitawa a rumfar nan, wato dogaro da garkuwa. A yawancin irin waɗannan wasanni garkuwa ba ta dawowa sai ka ɗan jima ba a taɓa ka ba. Maharbi da ke tsaye daga nesa yana samun wannan hutu. Mai karo ba ya samu, kullum yana cikin turmutsutsu. Abin da ya fi masa amfani shi ne jikin da ke warkewa da kansa ana cikin faɗa, ko zaɓin da ke mayar masa da jini duk sanda ya kayar da wani. Ka auna da kanka: idan jinin da karo ɗaya ya ci bai dawo ba kafin karo na gaba, ginin naka bai nuna ba tukuna, ka rage zafin kai.

Kada kuma ka raba ƙafa, rabi a bindiga rabi a sulke. Taura biyu ba sa taunuwa. Ka bar 'yar ƙaramar bindiga guda saboda nakiyoyi da abokan gabar da ke fashewa idan an taɓa su, sauran duka ka zuba a karo.

Amma ko an gina shi yadda ya kamata, mai karo yana da maganinsa. Lifidi auduga ce, wuta na cin ta. Ɗan lifidin da ya faɗo daga doki kuwa, tashi yakan yi masa wuya saboda nauyi. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da dawaki da masu sulke, jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa yawancinsu a ƙasa suke da kwari da baka, kuma su suka yi nasara. Haka yake a wasan. Ƙananan jirage masu yawa da ke kewaye ka suna tsattsage ka daga nesa, su ne ajalinka, ba babban ogan da kowa ke tsoro ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Idan ka gan su, kada ka tsaya a tsakiyar fili. Ka ja su su biyo ka a layi, sa'an nan ka juyo ka ratsa ta cikinsu gaba ɗaya.

Yanzu ga inda na ce maganar za ta iso ƙofar gida. Ina tsaye ina kallon yaron nan yana ja da baya yana ɗebo gudu, sai na tuna inda na san wannan motsi. A dandali na san shi, cikin farin wata, bayan an gama kaka. Langa.

Ga waɗanda ba su tarar ba: ana kasuwa gida biyu. Kowa ya lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, yana tsalle da ɗayar. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa, ya mutu, ya koma gefe. A cikin masu zuwa akwai mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ne zai ratsa ya je ya taɓa wurin sha. Sauran su ne dawaki. Idan ruwa ya sha an ci, idan aka kayar da shi an kashe wasan ko da dawakinsa duk suna tsaye.

Dokin langa shi ne mai karo na asali a wajenmu, kuma ba kowa ake ba wannan aiki ba. Ruwa akan nemi siriri mai zulliya. Doki kuwa a nemi mai faɗin ƙirji da ƙarfin cinya, wanda idan ya dasa ƙafa sai ka ce turmi. Amma na sha ganin ƙato ya sha ƙasa a hannun yaron da bai kai shi ba, kuma dalilin ba ya wuce uku. Ko dai ya zo a miƙe, maimakon ya rage tsawo ya ɗan durƙusa. Ko ya kawo kai maimakon kafaɗa, wanda haɗari ne ma ga wuyansa. Ko kuma, wanda ya fi yawa, ya taho da gudu tun daga nesa ya nuna inda ya nufa, wancan ya jira shi sai da ya iso ya goce, ƙaton ya wuce ya kifa da kansa, ba wanda ya taɓa shi.

Gwanin doki lokaci yake karanta. Mai tsalle da ƙafa ɗaya, rabin lokacinsa a iska yake. Idan ka same shi ƙafarsa na ƙasa zai tare ka. Idan ka same shi ya tashi bai sauka ba, ɗan turi kaɗan ya isa. Kuma ba a gaba da gaba ake samunsa ba, ta gefen ƙafar da ya riƙe ake zuwa masa, inda ba shi da abin tokarawa. Ku je ku gwada wannan a waya: ogan da ke da bindigogi a goshi, ta kwiɓi ake shigarsa, a daidai lokacin da ya gama sakin wuta yana shirin wata.

Abu mafi wuya ga doki shi ne ya tuna ba don kansa yake karo ba. Yaro ya kayar da mutum biyu, jini ya hau, ya bi na uku har bakin fili, kafin ya waiwayo an tsinke ruwansa a baya. A ganina wannan ne ya raba gwani da mai ƙarfi kawai, kuma shi ne abin da waya ba ta koya wa yaro sosai, domin a can shi kaɗai ne, ba ruwan da zai kare.

Langa ba ta mutu ba. Tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa, kuma an kasa ta uku: ruwa, da tureshi, da kawoshi. Tureshi shi ne karo tsantsa, mutum da mutum. Sai dai a garuruwanmu ta ja baya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya kafu a wannan yanki, rani ya daina zama lokacin zaman banza. Daga shinkafa sai alkama, daga tumatir sai albasa, yaro ya wuni a gona ko a kasuwar Kwanar Gafan, ya dawo a gajiye. Arziki ne, mun gode Allah. Amma dandali ya yi shiru, kuma a wurare da dama an yi gini a kansa.

Da na ba ɗan ƙanen nawa labarin doki da ruwa, sai ya ajiye wayar ya ce, "Baffa, a ina ake yi?" Shekararsa 15, a ƙasar Dawakin Kudu aka haife shi, bai taɓa riƙe ƙafarsa ya shiga fili ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun firamare da na sakandare, da masu unguwanni da dagatai daga Dawakin Kudu har Bunkure. Langa ba ta bukatar ƙwallo, ba ta bukatar takalmi, ba ta bukatar caji. Fili mai yashi take so, a tsince duwatsu da ƙaya, a samu babba guda ya tsaya alƙalanci, a haɗa yara tsara da tsara. Ku ware yammacin Alhamis ɗaya a gwada. Ku kuma samari masu gina mai karo a waya, ku zo da abin da kuka koya, dattawan unguwarku za su nuna muku yadda ake riƙe ƙafa.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.