Shekara nawa wayar gabiyo take yi cikin ƙorama?

A shekarar 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Mutanen ƙauyuka, yawancinsu mata, suka yi ta ɗauko duwatsu a ka. Aka cika ragar waya da su, wadda ake kira gabiyo, aka tare ƙoramu. Ruwa ya rage gudu, ƙasa ta sha, rijiyoyi suka samu ruwa. Akwai irin wannan tari a ƙasar Keita da Buza da Madawa.

Dutse yana daɗewa, amma waya tana tsufa. Ran da ta tsinke, duwatsu su watse, ƙorama ta koma cin gonaki.

Me ke cin waya? Sabuwar waya tana da farin shafe na tutiya, irin na kwanon rufi. Shi ke kare ta daga tsatsa. In an yi ruwa mai yawa, ƙorama tana kwaso rairayi da tsakuwa. Su ke goge shafen nan kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa. In shafe ya tafi, tsatsa ta shiga. Wani ruwa ya zo ya kankare tsatsar, sabuwa ta fito. Haka waya ke ramewa kowace damana.

Ana iya sanin sauran kwananta. A ajiye guntun sabuwar waya a ɗaki. Bayan kowace damana a gwada shi da wadda ke cikin ƙorama, a rubuta. Ma'aikata suna da abin awon kauri.

Ga misali. Waya mai kaurin milimita 3 ta koma 2 da rabi cikin damana 5. Ke nan kowace damana 5 tana rasa rabin milimita. Nan da damana 10 za ta koma rabin kaurinta na farko, ba ta da sauran ƙarfi. Amma kada a jira lokacin ya cika, don in tsatsa ta kama, cin yana ƙara sauri.

A fi duba inda ruwa ke zubowa da gindin raga. Nan take fara lalacewa. In an ga ja ko tsinkewa, a ɗaure da sabuwar waya tun da rani, a sanar da ma'aikata. Manoma da makiyaya su hana a yanke waya don wani amfani. Gyaran taki ɗaya ya fi sake tari duka sauƙi.