A Duba Tsohon Gida Kafin A Ba Da Kafin Alƙalami

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, yau za mu ɗan ajiye farashin hatsi da na atamfa mu yi magana a kan hajar da ta fi kowace tsada, watau gida. Mun san ɗan kasuwa ba ya sayen buhun gero a Dawanau sai ya zura hannu ya ɗebo ya gani. A Kantin Kwari ma ba ya ɗaukar dila sai ya tabbatar da abin da ke ciki. Amma sai ka ga mutum ya tara jarin shekara ashirin, ya leƙa gida sau ɗaya da yamma, ya ga sabon fenti, ya ce ya saya. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Abin da muke so a riƙe shi ne, kuɗin tsohon gida kashi biyu ne. Akwai wanda za ka ba mai gida, akwai wanda za ka ba magini da kafinta daga baya. Wanda bai san na biyu ba, bai san nawa ya sayi gidan ba.

Gidajen da muke nufi su ne na bulo da siminti waɗanda aka gina lokacin da kuɗin mai ya shigo, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980, a unguwannin da a wancan zamani suke bayan gari. A Kano akwai irinsu a Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Hausawa da Kundila, ga kuma gidajen Shagari da aka gina a jihohi tsakanin 1979 da 1983. Yanzu duk sun haura shekara 40. Suna da fili da manyan ɗakuna, gari kuma ya iske su, shi ya sa suke da kasuwa. To amma kwano da waya da bututu kowanne yana da iyakar kwanansa.

Lokacin dubawa da 'yan rakiya

In da hali a duba gida da damina, musamman watan Agusta da ruwa ya fi yawa, kuma a je washegarin ruwan sama. Rani yana rufa wa gida asiri, damina ce ke tonawa. A je da rana tsaka, kada a je da magariba. Mai saye ya tafi da magininsa da kafintansa da mai aikin wuta da mai gyaran famfo, waɗanda shi ne zai sallame su, ba na mai gida ba. In bene ne, sai an nemo injiniya. A Amurka duba gida kafin saye sana'a ce mai zaman kanta, har masu yin ta suka kafa ƙungiya a 1976. Mu a nan sai mutum ya haɗa nasa mutanen, kuma ladansu bai kai kuɗin dila guda ba.

Ƙasa da tushe

Tun daga waje ake farawa. A dubi bakin ƙofa da titi, wanne ya fi tudu? Shekara da shekaru ana ƙara ciko da kwalta, sai titi ya hau, gida ya zama kwari, ruwan layi duka ya riƙa kwana a tsakar gida. A tambayi dattawan unguwa me ke wurin kafin a yi ginin. Kano tana da wurare da yawa da asalinsu kududdufi ne aka cike da shara da ƙasa, irin wannan ƙasa kuwa tana daɗewa tana zama.

Sa'an nan a dubi tsagar bango. Siririya kamar gashi wadda ta tsaya a filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ake gudu ita ce mai tafiya a karkace kamar matakala, tana bin layin bulo, ko wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fito ciki da waje, har ɗan makulli yana shiga. Wannan alama ce tushe yana motsi. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, ko daɓen da ya karkace, su ma shaida ne. Babbar bishiya kamar darbejiya ko ceɗiya dab da bango, saiwarta tana iya ɗaga gini ko ta shiga bututu.

Danshi da gishiri

A shafa gindin bango daga ƙasa zuwa ƙugu. In fenti yana kumbura, filasta tana zubowa, ga wani farin gari kamar kanwa, to gishiri ne. Ruwa ne yake hawowa daga ƙasa ta cikin bulo, ya bushe ya bar gishirin yana cin gini. Fenti ba ya maganinsa, rufewa kawai yake yi na wata biyu ko uku. Saboda haka in ka ga gindin bango kaɗai aka yi wa sabon fenti ko aka manna wa tayil, ka tambayi dalili. A ja kabad da gado a leƙa bayansu, a kuma saurari hanci, domin warin danshi ba ya ɓoyuwa.

Rufi

Kafinta ya hau cikin silin da tocila. Ya soki katako da sukudireba: in ya nutse, gara ta gama da cikinsa ko da waje yana kyau. A nemi hanyar gara ta ƙasa da take bin bango. Ya dubi kwano daga ciki, duk inda haske ya shigo, ruwa ma ta nan yake shigowa. Tabo mai ruwan ƙasa a silin alamar yoyo ne. In rufin dakin ne, watau kankare, a duba ƙasansa. Inda siminti ya ɓare rodi ya fito da tsatsa, aikin ba na faci ba ne, don rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ci gaba da fasa kankaren.

Har ila yau, yawancin silin da wasu rufin na wancan zamani na asbesto ne. In yana zaune lafiya bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma ƙurarsa in an fasa ko an kankare shi tana shiga huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana, har da kansa. Mai niyyar canjawa ya sa a jiƙa shi a cire shi ɗungurungum, a rufe hanci, yara su yi nisa.

Wuta da ruwa

Wayarin ɗin da aka yi don ƙwai da fanka da rediyo ba zai ɗauki firiza da na'urar sanyaya ɗaki da abin dafa ruwa ba. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin abin da tsohuwar waya take jawowa. Mai wuta ya buɗe akwatin fis da soket biyu ko uku. Waya mai bushewa tana karyewa, ko baƙin ƙuna a soket, ma'anarsu sabon wayarin gaba ɗaya. A nemi rasit na ƙarshe na biyan wuta, a je ofishin KEDCO a ji ko akwai bashi a kan mitar, kada a gaji rigimar wani.

Tsohon bututun ƙarfe daga ciki yake tsatsa, ruwa ya rage ƙarfi ya riƙa fitowa ja. A buɗe kowane famfo, a zuba bokitin ruwa a kowane banɗaki a ga tafiyarsa. A ɗaga murfin sokawe a duba. A auna tsakaninsa da rijiya: masana lafiya sun fi son a sami kamar mita 30, in kuwa suna maƙwabtaka, ruwan rijiyar ba na sha ba ne.

Takardu

Gida mai ƙwari da takarda mai rauni ya fi gida mai yoyo haɗari. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai satifiket yana bukatar amincewarsa. A ɗauki lauya ya bincika a ofishin filaye, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a ga sunan wa ke kai, kuma ko an jinginar da shi a banki. Tsofaffin gidaje da yawa na gado ne. A ga takardar rabon gado ta kotu, magada duka su sa hannu, har mata da wanda yake wani gari. Mai unguwa da maƙwabta su shaida iyaka.

Lissafi da amana

In an gama, kowane mai sana'a ya rubuta kuɗin gyara, a tara. Misali, an sa wa gida naira miliyan 30, rufi da wayarin da gishiri za su ci miliyan 6, to gidan miliyan 36 ne. Da wannan takarda za a zauna a yi tayi. Kafin alƙalami kuma kada a ba da shi sai an rubuta cewa in dubawa ta nuna babban aibi za a mayar.

Ku kuma dillalai, ga namu a tsakaninmu. A shari'a, mai saye yana da damar mayar da haja in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. La'adar da aka ci ta hanyar rufe tsaga da fenti, ƙarshenta zaman kotu da zubewar suna. Dillalin da ya nuna aibi da bakinsa ya yi ciniki mai ɗorewa, gobe ma shi za a nema. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.